Lambar Olamfik daga harabar jami'a: me ya sa Michigan ke yaye zakarun alkafura alhali wasan yana ƙarewa a Amurka?

Ta yaya saurayin da ke zaman ɗaukar lacca da safe, yana fama da jarrabawa kamar kowane ɗalibi, zai wayi gari yana rataye da lambar Olamfik? In kuwa har jami'a tana iya yaye zakarun duniya haka, me ya sa jami'o'in Amurka suke ta rufe ƙungiyoyin da ke wannan aiki ɗaya bayan ɗaya?

Maganar ta taso ne tun ranar 29 ga Yulin 2024, ranar da tawagar maza ta Amurka ta ci tagulla a wasan alkafura, wato jimnastik, a gasar Olamfik ta Paris. Rabon ƙasar da lambar tawagar maza tun gasar Beijing ta 2008. A Landan da Rio da Tokyo, ta biyar take ƙarewa kowane karo. Matasa biyar ne suka kawo ƙarshen wannan jira, kuma dukansu jami'a ce ta rene su: Paul Juda da Frederick Richard daga Jami'ar Michigan, Brody Malone da Asher Hong daga Stanford, sai Stephen Nedoroscik daga Penn State.

Masu kallo da yawa sun ɗauka gwamnati ce ta zuba kuɗi aka ga sakamako. Wasu kuma sun ɗauka tunda an ci lamba, to wasan yana cikin ƙoshin lafiya. Duka biyun ba haka abin yake ba. Michigan zan ɗauka misali, don ita ce tarihinta ya ratso har Najeriya.

Wane irin wasa ne, yaya kuma ake ba da maki?

Maza fannoni shida suke fafatawa a kai. Akwai wasan ƙasa, inda mutum ke jera alkafura a kan shimfiɗa mai mita 12 kowane gefe. Akwai doki, wani dogon benci ne mai rufin fata da mariƙa biyu a gadon bayansa, ɗan wasa ya dafa da hannu yana wulwula ƙafafunsa a haɗe ba tare da sun taɓa komai ba. Akwai zobba biyu masu reto daga sama, waɗanda ƙarfin kafaɗa suke nema. Sai tsallaken tebur, da sanduna biyu na jere, da sandar sama mai tsayin kusan mita uku, wadda ake saki a juya a iska a sake cafkewa. Mata kuwa fannoni huɗu suke yi, kuma wasan ƙasa da tsallaken tebur ne kawai suka yi tarayya da maza a kai.

Tun 2006 aka yi watsi da makin nan na goma cif da duniya ta sani. Yanzu maki biyu ake haɗawa. Na farko makin wuya ne: kowane motsi da darajarsa, mafi sauƙi kashi ɗaya cikin goma na maki, kuma iyakar abin da za ka tara ya danganta da iyakar kasadar da ka ɗauka. Na biyu makin kyawun aiki: a fara daga goma, alƙalai su yi ta zaftarewa. Ƙafa ta buɗe, a cire. Gwiwa ta lanƙwashe, a cire. Taku ɗaya wajen dira, a cire. Faɗuwa kuwa maki ɗaya ne sukutum.

A wasan ƙarshe na tawaga, ƙasa tana kawo mutum biyar, ta tura uku a kowane fanni, kuma duk abin da ukun suka samu shi ake rubutawa. Babu na jefarwa. Hawa 18 ke nan, kowanne da lissafinsa. Wannan ƙa'ida ita ce ta yanke hukunci a Paris, don haka a riƙe ta.

Abin da ya faru a daren Paris

Sin ta shiga fanni na ƙarshe tana gaban Japan da sama da maki uku, kowa ya gama ba ta zinare. Sai Su Weide ya suɓuce daga sandar sama har sau biyu. Japan ta tashi da maki 259.594, Sin da 259.062. Tazarar ba ta kai kuɗin faɗuwa ɗaya ba.

Amurka ba ta fi waɗannan biyun wuyar motsi ba, ba ta ma kusa ba. Abin da ta yi shi ne hawa 18 babu wanda ya faɗi, alhali kwana biyu kafin nan, a zagayen share fage, Malone ya sha faɗuwa har tawagar ta ƙare ta biyar. Ta tashi da 257.793, ta bar Birtaniya a ta huɗu.

Hoton da ya zaga duniya shi ne na Nedoroscik. Doki kaɗai aka kawo shi ya hau, kuma doki ne ya faɗo wa Amurka a ƙarshe. Haka ya zauna a gefe sama da awa biyu, da tabaronsa, wani lokaci ya jingina kai ya rufe ido yana bitar motsinsa a zuci, yana miƙa wa abokansa ruwa. Da lokaci ya yi, Juda ya hau ya sauka lafiya, Malone ma haka. Sai Nedoroscik ya cire tabarau, domin yana da larurar ido kuma ya ce da tafin hannunsa yake sanin inda yake a kan dokin, ya yi wasan da bai kai minti ɗaya ba, aka ba shi 14.866. Kwana biyar bayan nan ya ƙara cin wata tagullar shi kaɗai a kan dokin. Injiniyan lantarki ya karanta a Penn State.

Idan ba gwamnati ba, wa ke biya?

Amurka ba ta da ma'aikatar wasanni. Kwamitin Olamfik na ƙasar, wanda wata doka ta 1978 ta damƙa wa ragamar harkar, ba ya karɓar kasafin shekara daga gwamnatin tarayya don 'yan wasan Olamfik. Da kuɗin talabijin da na kamfanoni masu talla da gudummawar jama'a yake tafiya. Wanda ya ci zinare a Paris dala 37,500 kwamitin ya ba shi, mai azurfa 22,500, mai tagulla 15,000. Kuɗi ne, amma ba za su riƙe mutum shekara huɗu ba, balle su biya koci da likita.

Kowace ƙasa da yadda take cike wannan giɓi. A Sin hukuma ce ke ɗaukar yaro tun yana ƙarami, daga makarantar wasanni zuwa tawagar lardi zuwa ta ƙasa. A Japan jami'a ce ke farawa, kamfani ya ƙarasa: Kohei Uchimura ya fito daga Jami'ar Kimiyyar Wasanni ta Nippon ya shiga kamfanin Konami, Daiki Hashimoto kuma daga Jami'ar Juntendo ya shiga Central Sports. A Amurka kusan duk nauyin a kan jami'o'i yake, ƙarƙashin ƙungiyar wasannin jami'o'i ta NCAA. Kwamitin Olamfik ɗin da kansa ya ce kusan kashi uku cikin huɗu na tawagar da ya kai Paris sun yi wasa a jami'a.

To ita jami'ar daga ina take samu? Daga ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka, sai ƙwallon kwando ta maza. Filin ƙwallon Michigan da ke garin Ann Arbor yana ɗaukar mutum 107,601, kuma cika yake yi. Rukunin jami'o'in da take ciki, Big Ten, ya ƙulla cinikin talabijin a 2022 na sama da dala biliyan bakwai a shekara bakwai. Daga wannan tukunya ake ɗiba a riƙe sauran wasanni kusan talatin da jami'ar ke yi, waɗanda galibinsu ba sa kawo ko kuɗin motar da ke kai su gasa. Kamar babban wa ne da ke ciyar da gida: in ya samu kowa ya ci, amma ranar da hidimarsa ta ƙaru, ƙannen ne za su fara ji a jikinsu.

Abin da ɗan alkafura ke samu a irin wannan wuri ba ƙarami ba ne. Zaure mai ramukan soso da zai faɗa ciki sau ɗari yana koyon sabon motsi ba tare da ya karye ba, kociyoyi masu albashi, likita da mai gyaran gaɓoɓi, abinci, kuɗin tafiya, ga kuma digiri a ƙarshe. Babu kulob mai zaman kansa da zai iya ba wa matasa ashirin wannan kyauta.

Waɗanda Michigan ta yaye

Ƙungiyar ta daɗe. Newt Loken ya horar da ita sama da shekara talatin, ya ci mata kofin jami'o'i na ƙasa a 1963 da 1970, kuma sunansa aka sa wa zauren atisayenta. A farkon shekarun 1990 jami'ar ta yanke shawarar soke ta, daga baya ta janye. Da an aiwatar, da duk sunayen da za su biyo baya babu su. Kurt Golder ya karɓe ta tana ƙasa warwas, ya ci kofi a 1999, ya ƙara a 2010 da 2013 da 2014. Yuan Xiao, haifaffen Sin, shi ya gaje shi, kuma a Afrilun 2025 ya ci kofi na bakwai a gida, ya katse wa Stanford jerin kofi biyar da ta yi a jere, da tazarar da ba ta kai rabin maki ba.

Sam Mikulak shi ne fuskar zamanin Golder. Ya je Olamfik sau uku, 2012 da 2016 da ta Tokyo, ya zama zakaran Amurka sau shida, ya ci tagulla a sandar sama a gasar duniya ta Doha a 2018. Lambar Olamfik dai ba ta zo masa ba, amma yana cikin kociyoyin da suka raka tawagar Paris.

Paul Juda ɗan baƙin haure ne daga Foland, ya tashi a jihar Illinois, ya zama zakaran jami'o'i a dukkan fannoni a 2022. Frederick Richard kuwa tun shekararsa ta farko a jami'a, 2023, ya ɗauki wannan kambu. A watan Oktoba na shekarar ya je gasar duniya a Antwerp ta ƙasar Beljiyam yana ɗan shekara 19, ya ci tagulla a gasar dukkan fannoni, abin da rabon wani namiji ɗan Amurka da yi tun 2010. Baƙar fata ne a wasan da baƙaƙe ba su da yawa, kuma ya tara ɗimbin mabiya a TikTok da Instagram, inda yake gayyato 'yan wasu wasanni su gwada abin da yake yi su ji yadda yake.

Sai waɗanda ba tutar Amurka suka ɗaga ba, kuma a nan ne mutane suka fi jahiltar tsarin. Syque Caesar ya wakilci Bangaladash a Landan a 2012. Kevin Penev ya wakilci Bulgeriya a Paris, Lais Najjar kuma Siriya. Uche Eke, wanda aka haifa a Amurka kuma mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya ci wa Najeriya zinare a kan doki da tagulla a sandunan jere a wasannin Afirka na 2019 a Maroko. A 2021 ya samu gurbi daga gasar Afirka da aka yi a Alƙahira, ya zama ɗan alkafura na farko da ya wakilci Najeriya a Olamfik. Bai kai wasan ƙarshe a Tokyo ba. Amma a faɗi gaskiya, zinaren da aka rubuta da sunan Najeriya a Maroko, a zauren Ann Arbor aka ƙera shi, da kuɗin 'yan kallon ƙwallon Michigan.

Me ya sa jami'a ta dace da maza musamman?

Dalili na farko shekaru ne. Namiji ba ya shiga gasar manya ta duniya sai ya kai 18, mace kuwa 16. Zobba da doki ƙarfin ƙirji da kafaɗa suke so, shi kuwa ba ya cika sai mutum ya haura ashirin. Ke nan shekarun da namiji ke nuna a wasan su ne daidai shekarun da yake jami'a.

Na biyu, gasar maza ta jami'o'i da tsarin makin duniya take aiki, da 'yan gyare-gyare. Ta mata har yau maki goma take bayarwa, kuma motsin da ake yi a can ya fi na Olamfik sauƙi. Shi ya sa mace galibi sai ta gama da Olamfik take zuwa jami'a, shi kuwa namiji a jami'ar yake shirya wa Olamfik.

Na uku shi ne sabo. Daga Janairu zuwa Afrilu kusan duk mako akwai gasa, gaban 'yan kallo masu ihu, kuma a 'yan shekarun nan duk wanda aka tura ana lissafa makinsa. Wanda ya yi shekara huɗu yana hawa doki da sanin cewa faɗuwarsa asarar abokansa ce, ranar Olamfik ba baƙon abu zai gani ba. 'Yan tawagar Paris da kansu sun yi ta maimaita wannan.

Akwai masu suka, kuma suna da hujja. Suna cewa gasar mako-mako tana koya wa yaro tsoron kasada: gara ya yi motsin da ya tabbata ba zai faɗi ba, ya bar mai wuya. Ga dokar NCAA da ta taƙaita atisayen dole zuwa awa 20 a mako lokacin gasa, alhali takwaransa na Sin wasan ne sana'arsa. A Tokyo an ga haka ƙarara, domin tun kafin a fara wasa Amurka tana baya da maki da dama a lissafin wuya kaɗai. Wannan ya sa hukumar alkafura ta ƙasar ta shigo da ƙarin maki a gasannin cikin gida daga 2022 ga duk wanda ya ɗauko motsi mai wuya, ko da zai faɗi a farko. Suna kuma tuna cewa Paul Hamm, zakaran Olamfik na 2004, da Danell Leyva mai lambobi uku, ba su yi gasar jami'a ba. Su Malone da Nedoroscik ma bayan sun gama karatu wani kulob ne a Sarasota ta jihar Florida ya riƙe su har Paris.

Ni a ganina sukar ta nuna iyakar tsarin ne, ba ta rushe shi ba. Hamm da Leyva ɗaiɗaiku ne. Tawaga kuwa sai da tarin mutanen da za a zaɓa daga ciki, kuma babu inda ke tara su in ba jami'a ba.

Daga 59 zuwa 12

A farkon shekarun 1980, jami'o'i 59 ne ke da ƙungiyar alkafura ta maza a babban rukunin NCAA. Yau 12 suka rage. In aka haɗa da ƙananan kwalejoji uku, Springfield da Greenville da Simpson, 15 ke nan a duk faɗin ƙasar. Na mata sun haura 80.

Ba marasa ƙoƙari kaɗai aka rufe ba. Tawagar da ta ci wa Amurka zinare a Los Angeles a 1984 mutum shida ce, uku daga ciki, Peter Vidmar da Mitch Gaylord da Tim Daggett, 'yan Jami'ar UCLA ne. Shekara goma bayan nan UCLA ta soke ƙungiyar. A 2020, da annobar korona ta hana 'yan kallo shiga fili, Iowa da Minnesota suka sanar da soke nasu. Shane Wiskus na Minnesota yana tsaka da shirin Tokyo aka yanke wannan hukunci. Ya tattara ya koma cibiyar horo ta Colorado Springs, ya samu shiga tawagar, ya je Olamfik da sunan ƙungiyar da aka riga aka binne. Jami'ar California da ke Berkeley ta soke tata a 2010, sai da tsofaffin ɗalibai suka yi karo-karo aka dawo da ita. Kwalejin William & Mary ma ta soke a 2020, ta dawo da ita bayan an yi mata ca.

Laifin dokar daidaita mata da maza ne?

Nan ne gardama ta fi zafi. A 1972 Amurka ta yi dokar da ake kira Title IX, wadda ta haramta nuna bambancin jinsi a duk makarantar da ke karɓar kuɗin tarayya. A fagen wasanni, hanya mafi sauƙi da jami'a za ta kare kanta a kotu ita ce ta nuna cewa yawan mata a cikin 'yan wasanta ya yi daidai da yawansu a cikin ɗalibai. Mata kuwa yanzu sun fi maza yawa a jami'o'in ƙasar.

Masu ɗora wa dokar laifi suna cewa ƙwallon zari-ruga kaɗai tana cinye guraben maza sama da ɗari, kuma babu wasan mata mai girmanta. Don lissafi ya daidaita, sai a yanke ƙananan wasannin maza: kokawa, ninƙaya, alkafura. Suna kafa hujja da Iowa, wadda ta soke wasanni huɗu lokaci ɗaya. Mata masu ninƙaya suka kai ƙara, kotu ta tsaya musu, aka dawo da nasu. Mazan ba su da dokar da za su riƙe.

Ɗaya ɓangaren kuma suna cewa dokar ba ta taɓa umartar kowa ya rufe komai ba. Ta ba da wasu hanyoyi biyu, wato jami'a ta nuna tana faɗaɗa wasannin mata, ko ta nuna ta biya buƙatar matan da ke son yin wasa. Suna kuma nuni da tarihi. Daga 1984 zuwa 1988 wani hukuncin Kotun Ƙoli ya kusan dakatar da aikin dokar a kan wasanni, amma rufe ƙungiyoyin alkafura bai tsaya ba. Na mata ma sun ragu da kusan rabi tun daga wancan lokaci, abin da ba za a ce dokar kare mata ce ta jawo ba.

Hujja ta biyun ta fi nauyi, kodayake ta farkon ba ƙarya ba ce. Dokar tana tilasta wa shugaban wasanni ya zaɓa, amma ba ita ke zaɓar masa ba. Shekara da shekaru, tallafin karatu da aka yarda ƙungiyar alkafura ta maza ta bayar bai wuce na mutum 6.3 ba, a gutsuttsura wa matasa kusan ashirin. A lokacin, ƙwallon zari-ruga 85 take da su cikakku. Akwai kociyoyin ƙwallo da albashinsu na shekara ya haura dala miliyan goma, kuɗin da zai riƙe ƙungiyar alkafura shekaru. A 1984 ɗin dai Kotun Ƙoli ta ba jami'o'i damar sayar da wasanninsu ga gidajen talabijin da kansu, kuma tun daga nan gasar kashe kuɗi a kan ƙwallo ba ta lafa ba. Ƙari a kan haka, makarantun sakandare sun daina wasan saboda tsadar kaya da tsoron ƙarar rauni, ya koma hannun kulob-kulob na kuɗi.

Sabon rabon kuɗi

Shekaru aru-aru ɗalibi ɗan wasa ba a biyansa ko sisi bayan tallafin karatu. Daga Yulin 2021 aka ba shi damar cin kuɗi da sunansa da hotonsa, abin da irin su Richard suka amfana da shi ƙwarai. Sai babbar girgiza a Yunin 2025, lokacin da mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun ƙarar da ake kira House. NCAA da manyan rukunoni za su biya tsofaffin 'yan wasa kusan dala biliyan 2.8, kuma kowace jami'a tana iya raba wa 'yan wasanta kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Mafi yawan kuɗin 'yan zari-ruga da 'yan kwando za su tafi, tunda su ke kawo su.

Wannan adalci ne ga yaran da suka daɗe suna tara wa wasu dukiya da jikinsu, yawancinsu kuma baƙaƙe ne 'ya'yan talakawa. Sai dai miliyan ashirin ɗin daga tukunyar da ake ciyar da ƙananan wasanni za a ɗebo su. Sulhun ya cire iyakar nan ta 6.3, ya sa iyakar mutum 20 a ƙungiya. A takarda ci gaba ne, don jami'a tana iya ɗaukar nauyin duka ashirin ɗin. A aikace babu abin da ya tilasta mata ta ɗauki nauyin ko ɗaya. 'Yan watanni bayan tagullar Paris, Jami'ar Ohio State, ɗaya daga mafi arziki a harkar wasanni, ta sanar da daina ba 'yan alkafura maza tallafin karatu. Ba ta rufe ƙungiyar ba, amma duk wanda ya san tarihin wasan ya san yadda irin wannan ke farawa.

Wa abin zai fi shafa?

Waɗanda za su wakilci Amurka a Los Angeles a 2028 sun riga sun shiga tsarin, wasu ma sun fita. Ba su ne abin ji ba. Abin ji shi ne yaro ɗan shekara goma sha biyu da iyayensa ke biya masa kuɗin kulob duk wata. Abin da ke ƙarfafa musu gwiwa shi ne begen wata rana wasan zai rage musu kuɗin jami'a, wanda a Michigan ya haura dala dubu 50 a shekara ga wanda ba ɗan jihar ba. In wannan bege ya dushe, mai hali ne kaɗai zai ci gaba, sauran su koma wani wasan. Kociyoyin yara ma galibi tsofaffin 'yan wasan jami'a ne, don haka duk ƙungiyar da aka rufe an rage masu koyarwa na gobe.

Ƙananan ƙasashe ma abin zai taɓa su. Najeriya ta daɗe tana cin moriyar jami'o'in Amurka: Hakeem Olajuwon a Houston, Blessing Okagbare da Tobi Amusan a Jami'ar Texas da ke El Paso, Uche Eke a Michigan. Guje-guje da alkafura duk cikin wasannin da ba sa kawo kuɗi suke. Ɗalibin da ya zo daga waje kuma bizar karatunsa ta taƙaita masa neman kuɗi a cikin Amurka, don haka sabuwar damar cin kuɗi da suna ba ta kai gare shi yadda ta kai ga ɗan ƙasa. Shi tallafin karatun ne komai nasa, kuma shi ne ake ragewa.

Lissafin guraben ma ba mai daɗi ba ne. Ko da kowace daga cikin ƙungiyoyi 15 ta ɗauki mutum 20, mutum 300 ke nan a ƙasa mai mutane sama da miliyan 330, kuma kusan rubu'insu ne kawai ke buɗewa a shekara. Uku daga ciki makarantun soja ne, na ƙasa da na ruwa da na sama, inda karatu kyauta ne amma sai mutum ya yi aikin soja bayan ya gama. Ƙananan kwalejojin uku kuwa dokar rukuninsu ta hana su ba da tallafin karatu don wasa. Saura tara, a cikinsu ma Ohio State ta riga ta janye hannu.